Rami ba ya numfashi da kansa

Duk lokacin da aka tayar da zancen ma'adinai a ƙasarmu ta Nijar, ko a majalisar ƴan kasuwa bakin tasha, ko tsakanin ma'aikata bayan an tashi aiki, magana ɗaya ce take yawo: ton nawa aka fitar, nawa aka sayar da kilo, nawa baƙi suka ɗauka, nawa ya shigo baitulmali. Tambayoyi ne masu kyau, kuma haƙƙin ɗan ƙasa ne ya yi su. Amma ni da na share sama da shekara 25 ina aiki a ƙarƙashin ƙasa, akwai tambayoyi biyu da ban cika jin an yi su ba a waɗannan majalisu: wa ke kai wa mahaƙi iskar da yake shaƙa, kuma ruwan da ake janyewa daga rami, ina ake ajiye shi? Ina roƙon mai karatu ya ba ni aron kunnensa, domin amsar waɗannan tambayoyi ta shafi aljihun ɗan kasuwa, ta shafi sa hannun ma'aikaci, ta kuma shafi ran ƴaƴanmu.

Ni haifaffen ƙasar Galma ne, cikin gundumar Madawa, jahar Tawa. Mahaifina maginin rijiya ne. Da rani, in an gama kai amfanin gona rumbu, sai a yi ta aiko masa daga ƙauyukan Buza da na Keita, inda ƙasa ke da dutse, ruwa kuma ke da nisa. Bai yi karatun boko ba, amma yana da doka guda wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Kowace safiya, kafin mutum ya sauka, sai an ɗaura fitila a igiya an zurara ta har ƙasa. In harshen wutar ya tsaya kyam, a sauka. In ya yi laushi ko ya mutu, ba mai sauka, sai dai a ɗaure damin ganye a yi ta zurarawa ana jawowa har iskar cikin ta sauya. Masu rijiya sukan yi gunaguni, don yinin da ba a yi gini ba ma sai sun ciyar da magina. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Maigida, rami ba ya numfashi da kansa, sai an hura masa."

Da na shiga makarantar ma'adinai ta Ayar da ke Agadas, wadda aka fi sani da EMAIR, sai na tarar abin da tsohon ke yi da fitila shi ne malamai ke koyarwa da alli. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata ne kawai ke riƙe rai, kuma shi ne ke riƙe wuta. In wannan kashi ya sauko wajen 16, fitila takan mutu, mutum kuma ya fara jiri. Daga makaranta na bi hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar uraniyom, na kama aiki a Akuta, kusa da garin Akokan, cikin sashen da ke kula da iska da ruwa.

Ya kamata in faɗa wa wanda bai taɓa zuwa ba girman wurin. An kafa kampanin COMINAK a 1974, ya fara fitar da uraniyom a 1978. Shekaru da dama rabon hannun jarinsa shi ne: Faransawa kashi 34, Nijar 31, Japanawa 25, mutanen Sipaniya 10. SOMAIR ta Arlit, wadda ta girme shi, buɗaɗɗen rami ce, rana na ganin cikinta. Akuta kuwa a rufe take, zurfinta kimanin mita 250, lungunanta kuma in aka jera su sun wuce kilomita 250, wato sun fi nisan Madawa zuwa Maraɗi nesa ba kusa ba. Gari ne guda a cikin duhu, da titunansa da motocinsa da ma'aikatansa, amma ba shi da taga ko ɗaya.

Aikin iska a irin wannan wuri, mai ban ruwan albasa zai fi kowa saurin gane shi. Iska halinta ɗaya da ruwa: hanyar da ta fi sauƙi take bi. Ana haƙa rijiyoyi na musamman daga doron ƙasa, a kafa manyan fankoki a bakinsu suna zuƙo gurɓatacciyar iska waje dare da rana, sabuwa kuma tana shigowa ta wasu ƙofofin. In aka bar ta da son ranta, sai ta yanke ta gajeriyar hanya ta fice, ta bar mutanen da ke can ƙurya cikin zafi da hayaƙi. Don haka ake gina bangaye da ƙofofi a cikin lunguna, a toshe nan a buɗe can, kamar yadda manomi ke datse kwari ya juya ruwa zuwa fangalin da ke jin ƙishirwa. Lungun da ake cikin haƙawa, wanda bai riga ya ɓulle ko'ina ba, shi kuma sai a ba shi ƙaramar fanka da ƙaton tiyo mai kai iska har gaban mahaƙa. Ƙofa guda da aka manta a buɗe tana iya hana unguwa guda numfashi. Aikina shi ne yawo da kayan awo da littafi: saurin iska nawa, zafi nawa, ƙura nawa, hayaƙin nakiya ya gama fita ko da saura. Ba ni fitar da ko tsakuwa ɗaya ta uraniyom, amma ba a shiga lungu sai awo ya ce a shiga.

A ramin uraniyom akwai wani maƙiyi wanda fitila ba ta ganinsa, sunansa radon. Wata irin iska ce da ke tsattsafowa daga jikin dutsen da ke ɗauke da uraniyom. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Cikin kwana 3 da ƴan awoyi 19 rabinta yakan rikiɗe ya zama wasu ƙananan ƙwayoyi masu tururi, su manne wa ƙura, ƙurar ta shiga huhu ta zauna. Mutum zai gama aikinsa lafiya lau, ya koma gida, ya aurar da ƴaƴa, sai bayan shekara 15 ko 20 ciwo ya ƙwanƙwasa ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba, radon ce kan gaba wajen haddasa sankarar huhu.

Wannan ilimi da gawarwaki aka saye shi. A tsaunukan da ke tsakanin Jamus da ƙasar Cek, tun ƙarni na 16 aka lura mahaƙan azurfa suna mutuwa da ƙuruciyarsu da ciwon ƙirji. Wani likita mai suna Agricola ya yi bayanin ciwon a littafinsa da ya fito a 1556, har ya zana manyan zugazugai irin na maƙera da ake hura wa rami iska da su. Sai a 1879 wasu likitoci biyu suka tabbatar cewa ciwon mahaƙan Schneeberg sankarar huhu ce. Duk da haka, a shekarun 1950 aka tura mutanen ƙabilar Nabaho ta Amurka cikin ramukan uraniyom marasa isasshiyar iska, sai a 1990 majalisar ƙasar ta yi dokar biyan diyya, bayan da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Maganin radon kuwa ba ɓoyayye ba ne: a kore ta da sabuwar iska kafin ta taru, a toshe tsofaffin lungunan da aka gama da su, a jiƙa dutse don kwantar da ƙura, kowane ma'aikaci kuma ya rataya ƴar na'urar da ke ƙirga tururin da jikinsa ya sha.

To, in magani sananne ne, me ya sa ake sakaci da shi a duniya? Ɗan kasuwa zai ba da amsa kafin in rufe baki: tsada. Akwai wata ƙa'ida ta lissafin fanka wadda duk mai wannan aiki ya haddace. In kana son ninka iskar da ke ratsa rami sau biyu, wutar lantarkin da za ka sha ba ninki biyu ba ce, ninki takwas ce. Haka kuma in ka rage iskar kaɗan, sai kuɗin wuta ya faɗi ƙwarai. Wutar Arlit da Akokan daga gawayin Anu Araren na SONICHAR take zuwa, ba kyauta ba ce, kuma fanka ba ta hutun salla. Ga shi in aka rage mata gudu yau, ba wanda zai faɗi yau. Riba tana fitowa a lissafin ƙarshen wata, asara kuwa tana ɓuya cikin ƙirjin talaka har shekaru. Wannan jarabawa tana gaban duk mai rami a duniya, babba da ƙarami, shi ya sa ba a barin mai rami shi kaɗai ya zama alƙalin iskarsa.

Sai ruwa. Mai karatu zai yi mamaki in na ce a tsakiyar hamada, inda ruwan sama na shekara ba ya cika kaiwa milimita 100, babban aikinmu shi ne faɗa da ruwa. Dutsen da ake haƙa a Akuta yana ƙarƙashin shimfiɗun ruwa na cikin ƙasa, don haka ruwa yana tsattsafowa ba dare ba rana. Ana bi da shi ta kwatoci zuwa matara, wato manyan kududdufai da ake haƙawa a wuri mafi gangare. Matara takan kasu biyu: a ɗaya laka ke kwanciya, daga ɗayar famfo ke ja, don laka ita ce ajalin famfo. Ruwa kuma nauyi gare shi. Lita 1,000 ton guda ce, kuma kafin a hau da ita mita 250 sai ta ci wutar da ta kusa kilowat guda na awa ɗaya. Girman matara ba da lita muke auna shi ba, da awoyi ne: in famfuna suka tsaya cak, awa nawa za ta riƙe kafin ruwa ya hau titi? Waɗannan awoyi su ne ratar da ke tsakanin gyara da jana'iza. Shi ya sa kowane famfo ke da ɗan'uwansa na jiran ko-ta-kwana, shi ya sa kuma ake yashe laka a kan lokaci, don matarar da laka ta cinye rabinta, rabin awoyinta sun tafi.

In ruwa ya hau sama, doka ta biyu ta fara aiki: ruwa iri uku ne, kuma ba a gama su. Akwai ruwan rami, wanda ya wanke dutsen uraniyom, wannan na aikin masana'anta ne. Akwai dagwalon da masana'anta ke fitarwa bayan an narka dutse da ruwan asid, wannan sai manyan tafkuna masu shimfiɗa a gindi don kada ya tsiyaye cikin ƙasa, rana ta yi ta shanye shi, kuma ba a cika tafki har baki. Sa'an nan akwai ruwan sha, wanda ke fitowa daga rijiyoyin burtsatse na daban ya hau shato ya shiga gari. Tiyo guda da aka haɗa ba daidai ba, ko shimfiɗa guda da ta yage ba a lura ba, ya isa ya mai da iri uku su zama iri ɗaya. Ruwa da iska kuma ƴan uwan juna ne a rami, don ruwan da ke fitowa daga dutse yana tafe da radon a cikinsa, in aka bar shi yana malala a fili sai ya sake ta cikin iskar da mutane ke shaƙa.

Wanda ke ganin na cika tsoro, ya dubi abin da ya faru a maƙwabciyarmu Burkina Faso. Ranar 16 ga Afrilu 2022, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Perkoa, inda wani kampanin Kanada ke haƙar zinki, alhali damina ba ta kankama ba. Ruwa ya ci ƙarfin shingen da ke sama, ya gangara cikin rami, ya rutsa da mutum 8. Aka yi wata guda ana jan ruwa, ƙasa duka tana sa ran sun shige ɗakin tsira da ke can ƙasa. Da aka buɗe ɗakin, ba kowa ciki. Duka takwas ɗin gawarsu aka fitar, kuma cikin Satumba na shekarar kotu ta sami manyan ma'aikata biyu da laifin kisa ba da gangan ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma bashin da ba ya bayyana rana ɗaya. Ruwan da ke ƙarƙashin Arlit tsohon ruwa ne, ya taru tun zamanin da hamada take da dausayi, shekaru dubbai da suka wuce. Ba kamar rijiyoyinmu na fadama ba ne da damina ke cikawa kowace shekara. Abin da aka ɗiba ya tafi ke nan. Ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit, ƙarƙashin Almoustapha Alhacen, ta daɗe tana kuka a kan ruwa da ƙura. Masu binciken CRIIRAD na Faransa sun zo a 2003, Greenpeace ta zo a 2009, kuma rahotonta na 2010 ya kawo cewa ma'adinan biyu sun sha lita miliyar 270 cikin kimanin shekara 40, ya kuma ce cikin samfur 5 na ruwan da aka auna, 4 sun wuce iyakar uraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata. Kampanin Areva ya musanta cewa jama'a na cikin haɗari. Abin da na ɗauka daga wannan jayayya shi ne: da awon ruwa da na iska abu ne da ake liƙawa a bango kowane wata, kowa ya karanta, da ba a jira baƙo ya zo daga Turai kafin mai shan ruwa ya san abin da yake sha. Maƙwabtanmu Abzinawa suna cewa aman iman, ruwa shi ne rai, kuma mai rai ya cancanci ya san halin da ransa ke ciki.

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe Akuta, bayan ta fitar da kimanin ton 75,000 na uraniyom. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila. Fankoki sun yi shiru, amma a doron ƙasa an bar tulin dusar masana'anta kimanin ton miliyan 20, wadda aka tsara lulluɓe ta da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2. Uraniyom ya ƙare, aikin tsaron iska da ruwa bai ƙare ba, kuma zai wuce zamanin jikokinmu.

Yanzu bari in dawo gida, don abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana nan kusa. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakaten a 2014, samarin Adar da suka saba cin rani a Abijan ko Libiya suka sami sabuwar alƙibla. A Ɗan Isa ta jahar Maraɗi, ranar 7 ga Nuwamba 2021, rami ya rufta ya kashe aƙalla mutum 18, duniya ta ji. Amma waɗanda iska ke kashewa ɗaya-ɗaya, biyu-biyu, ba su shiga rediyo. Wani yaro na dangin matata, a wani ramin zinariya da ba zan ambata ba, ruwa ya tarar da su, sai aka zurara injin ban ruwa mai shan fetur har ƙasa don tiyo bai kai ba. Hayaƙin irin wannan inji yana ɗauke da wata guba wadda ba ta wari, kuma ba ta kashe fitila. Mutum yakan ji ciwon kai da kasala, ya zauna ya huta, ba ya sake tashi. Yaron ya zauna. Abokinsa ya sauka ɗauko shi, shi ma ya zauna. A ƙauye aka ce tsautsayi ne. Ni kuwa na san inji ne aka ajiye inda bai kamata ba.

Ramukan nan da kuɗin ƴan kasuwa ake haƙa su. Wani abokina da muka taso tare, wanda ke da ramuka biyu a arewa, ya lissafa mini abin da ya kashe: abinci, ruwa, man inji, na'urar neman zinariya, injin fasa dutse. Na ce, "Alhaji, ban ji ka ambaci iska ba." Ya yi dariya ya ce, "Malam, iska ma sai an saya?" Na ce masa a doron ƙasa kyauta ce, a ƙarƙashinta kuwa haja ce, kuma wanda ya tura mutum ƙasa shi ne ya ɗauki nauyin kai masa ita. Abin da ake bukata bai kai kuɗin babur guda ba: inji ya zauna sama, nesa da bakin rami, ta inda iska ba za ta mai da hayaƙinsa ciki ba, a sami injin hura iska da tiyo mai kaiwa har gindi, a hura kafin a sauka da safe da kuma bayan an tayar da nakiya, rami mai zurfi a yi masa baki biyu, a yi wa bakinsa ganuwa da magudana kafin hadari ya taso, in mutum ya faɗi a ƙasa, kada kowa ya bi shi sai an hura iska, kuma sai da igiya a ƙugu. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ku kuma ƴan'uwana ma'aikatan hukuma, naku nauyin bai gaza nasu ba. Tun 2022 aka fara haƙa wani sabon ramin uraniyom na ƙarƙashin ƙasa a Dasa, cikin jahar Agadas, inda kampanin Global Atomic na Kanada ke da kashi 80, Nijar 20. A watan Yuni 2025 kuma gwamnati ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa. Ana iya yin muhawara a kan wa ya kamata ya mallaki me, amma radon ba ta duba takardar hannun jari, ruwa kuma ba ya tambayar tutar wa ke bakin rami. In ma'adini ya zama namu, jarabawar rage kuɗin wuta ita ma ta zama tamu. Don haka in aka aike ku bincike, kada ku tsaya a ɗakin baƙi mai sanyi. Ku nemi littafin awon iska ku duba ko akwai ranakun da aka tsallake. Ku tambayi awoyin matara. Ku ce a tayar da famfon jiran a gabanku ku ji ƙararsa. Ku tambayi ma'aikaci ko an taɓa nuna masa sakamakon na'urar da yake ratayawa, kuma wa zai duba ƙirjinsa shekara 20 bayan ya bar aiki. Kafin ku sa hannu a takardar izini, ku nemi a nuna muku kuɗin da aka ware don tsaron wurin bayan an rufe shi.

Arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya ruɓewa in an jinkirta shi yini guda, ya yi shekaru miliyoyi yana jira. Numfashin ɗan Adam kuwa ba ya jiran minti biyar. Duk wanda ke da hannu a rami, da mai zuba kuɗi da mai buga hatimi, ya fara lissafinsa daga nan. Allah ya mai da matafiyanmu gida lafiya.